Abin da Zaure Ke Iya Ɗauka

Masu sana'ar ƙawata gida a Turai da Amurka suna da wata ƙa'ida da suke yawan maimaitawa game da mashigar gida. A jingina siririn tebur da bango, a rataya madubi a samansa, faɗin madubin ya tsaya wajen kashi biyu cikin uku na faɗin teburin, tsakiyarsa kuma ta zo saitin idon mutum a tsaye, wato kimanin santimita 150 daga ƙasa. Ƙa'idar ta iso mu ta cikin waya. Mai sabon gida a Jibiya ko Katsina ko Maraɗi yakan miƙa wa kafinta hoto ya ce irin wannan yake so, kafinta ya auna bango da tef ya ce zai zauna daidai. Zai zauna ɗin kuwa. Amma daidai kalma ce mai neman abokin gwami, ba ta tsayuwa ita kaɗai, dole a ce daidai da me. Ƙa'idar Turawa tana gwada kaya da kaya, madubi da tebur, tebur da bango. Ni kuwa ina ganin kayan zaure ba a gwada su da juna, ana gwada su ne da abu biyu da tef ba ya kamawa: yawan mutanen da za su iya zama a ƙasan da aka bari, da kuma inda idon baƙo zai iya kaiwa.

Mashigar gidan Bature da zaurenmu sun yi tarayya a abu guda, kowannensu yana bayan ƙofar waje. Daga nan suka raba hanya. A Ingila ta ƙarni na 19 ne aka yayata wani dogon katako mai maratayin hula da kwat, da wurin soka lema, da madubi a tsakiya, domin ƙasa ce ta sanyi da yayyafi, mai shigowa yana buƙatar inda zai tuɓe nauyi, mai fita yana buƙatar ya ga ko hularsa ta karkace. Ba wanda ke zama a wurin. Shi kansa madubin bai daɗe da zama kayan talaka ba. Lokacin da aka jera madubai 357 a babban ɗakin fadar Versailles ta Faransa tsakanin 1678 da 1684, an yi ne don nuna isa, saboda tsadarsu. Sai bayan da Justus von Liebig ya gano hanyar shafa azurfa a bayan gilashi a 1835, daga baya kuma kamfanin Pilkington ya fito da dabarar zuba gilashi shimfiɗaɗɗe a 1959, sannan madubi mai tsawon mutum ya zama abin da ake yankawa a shagon bakin titi. Zaure kuwa wurin zama ne tun fil azal. A nan malami ke ba da karatun littattafai, har aka sami makarantar zaure. A nan tela ke kafa kekensa, mai ɗinkin hula ya jingina da bango. A nan maƙwabta ke haɗa kwanukan tuwon dare, a nan ake karɓar gaisuwar mutuwa, a raba goron suna, a sasanta 'yan'uwa kan gado, kuma a nan baƙon da dare ya yi wa yake kwana. Harshe ya riƙe wannan da kyau. Da Hausa ta nemi sunan da za ta ba ɗakin da shugabannin duniya ke haɗuwa a birnin New York, ba ta ƙirƙiri sabuwar kalma ba, sai ta ce babban zauren Majalisar Ɗinkin Duniya. Ba don ana ratsa shi a wuce aka kira shi haka ba, don ana zama a yi magana ne.

Mutumin Jibiya ya fi kowa sanin irin wannan wuri, domin garinsa gaba ɗaya a irinsa yake zaune. Yana da kalmomi biyu ga abin da ke arewa da shi. Akwai boda, wadda ake buɗewa a rufe da sanarwa daga Abuja ko Yamai, akwai kuma kan iyaka, wanda yanki ne da ake noma da aure da cin kasuwa a cikinsa. Layin da Kyaftin Tilho na Faransa da Manjo O'Shee na Ingila suka bi suna kafa alamu tsakanin 1906 da 1908 ba shi da faɗi ko na taƙi ɗaya, kuma ya ratsa ƙasar mutanen da tarihinsu guda ne. Sarakunan Katsina na Haɓe da jihadi ya kora a farkon ƙarni na 19 su ne suka kafa mulki a Maraɗi, shi ya sa har yau mai sarautar can Sarkin Katsina ake ce masa. A takarda layi ne, amma a ƙasa, tsakanin Magama da Ɗan Isa, wuri ne mai faɗi inda ake tsayawa, a gaisa, a tambayi mutum ina ya fito kuma ina za shi, a canza naira da sefa, a jira. An ga abin da ke faruwa idan aka mayar da wannan wuri ƙofa zalla, wadda ba ta san komai ba sai buɗe da rufe. An rufe a watan Agustan 2019, ba a buɗe ta Jibiya ba sai Afrilun 2022. An sake rufewa bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yulin 2023, sai a watan Maris na 2024 aka ɗage. A duk tsawon lokacin zumunci bai tsaya ba, sai dai ya koma bin hanyoyin daji cikin wahala da tsada. Gida ma haka yake. Gidan da ba shi da komai sai ƙofa, amsa biyu kawai yake da ita ga mai sallama: shigo, ko koma. Zaure shi ne amsa ta uku. Mutum yana iya samun cikakkiyar tarba, a shimfiɗa masa, a kawo masa ruwa da abinci, ya kwana uku, ya tafi yana yabon gidan, alhali bai taɓa ganin tsakar gidan ba. An karɓe shi, amma bai shiga ba, kuma ba wanda ya ji an wulaƙanta shi. Wannan faɗin tsakanin waje da ciki shi ne dukiyar zaure, kuma duk abin da aka ajiye a cikinsa daga wannan faɗin yake ci.

Maginan gargajiya da jikin mutum suke awo: taƙi, kamu, gaba, taku. Kayan aikinsu ma sun sa musu iyaka. Azara, wadda ake tsagawa daga giginya, ba ta ɗaukar nauyin rufin ƙasa idan tazarar ta wuce kimanin mita 1.8, kusan gaba ɗaya ke nan na dogon mutum. Duk wanda yake son zaure ya fi haka faɗi sai an yi masa dabara, a goya azara kan azara daga kusurwa, ko a kafa ginshiƙi, ko a ɗaure bakan gizo. Saboda haka faɗin zaure kuɗi ne da gwaninta, kuma ba a kashe su sai don jama'a. Girman zauren mutum yana faɗin yawan waɗanda ke zuwa wurinsa. Mai cewa ai iyayenmu ma suna da son nuna arziki a bakin ƙofa bai yi ƙarya ba. Wanda ya ga zanen fuskar gidajen Zariya da Kano da Damagaram, da zankwayen da ke tsaye a kan soraye, ya san ba tawali'u ne kaɗai ya gina su ba. Amma a duba inda adon ya tafi. Ya hau bango, ya hau rufi, ya shiga ɗaurin guga da tulluwa, irin aikin da ya kai ƙololuwa a hannun Babban Gwani Muhammadu Durugu a masallacin Juma'a na Zariya, ko a hannun Falke Barmu wanda masallacinsa na Yama a Nijar ya ci kyautar Aga Khan a 1986. Ƙasa kuwa an bar ta: daɓe ko rairayi, dakali jikin bango, tabarma, buzu ko agalemi ga mai gida. Ido ya ƙoshi a sama, ƙafa da gwiwa suna da wurinsu a ƙasa.

Tabarma tana da wata baiwa da ba a cika lura da ita ba saboda arharta. Tana girma tana ƙanƙancewa gwargwadon baƙi. Mutum biyu, a warware ɗaya. An yi rasuwa, a aro goma daga maƙwabta. An watse, a naɗe a jingine, wuri ya koma na mai wucewa da tulu ko buhu. Kwatanta wannan da saitin kushin da kafintoci suka saba haɗawa, mai cin mutum uku, da mai cin biyu, da ƙanana biyu, mazaunin mutum bakwai ke nan. A zauren da ke da mita 3 tsawo da mita 3 faɗi, wato murabba'in mita 9, waɗannan kujeru kaɗai za su cinye kusan 5. Ƙara tebur a tsakiya, sai matar gida da ta dawo daga unguwa ta riƙa ratsa gwiwoyin maza a karkace. Ɗakin da zai ɗauki mutum goma sha biyu ko fiye a tabarma ya koma na bakwai. Matsalar ma ba a bakwai ɗin take ba, tana kan na takwas. Ko ya tsaya, ko ya zauna a ƙasa yana kallon takalman sauran. A wurinmu kuwa tudun mazauni magana ne. Gadon sarauta muke cewa, da karagar mulki, da hawa kujera. Yaro yana durƙusawa ya gaida babba don kansa ya yi ƙasa da na babban. Idan kowa yana tabarma, girma yana bayyana ta wurin wanda aka ba buzu da wanda ya zauna kusa da mai gida, abin da za a iya gyarawa da ɗan matsawa. Idan kujeru suka shigo, wanda ya riga zuwa shi ne a sama, sai dattijo ya shigo a fara tashi ana rantse-rantse, "Baba, don Allah dawo nan," shi kuma yana cewa a bar shi a ƙasa ya fi jin daɗi. Ba banza ba Hausa ta kira matsatsin ɗaki da matsatsin zuciya da suna ɗaya, ƙunci, ta kuma kira filin da ba komai a cikinsa da halin wadata da suna ɗaya, sarari. Wanda ya samu sarari, a harshenmu, shi ne wanda yake da wurin da bai cika ba tukuna.

Madubi ya fi kujera wuyar sha'ani, domin ba ya cin ƙasa ko kamu ɗaya, kuma shi ya sa ake ganin ba shi da laifi. Sunansa ya faɗi aikinsa. Kamar yadda mabuɗi yake abin buɗewa, madubi abin dubawa ne, zaure kuwa an gina shi ne musamman don a taƙaita dubawa. Duk wanda ya shiga tsohon gida a birnin Katsina zai lura ƙofar waje da ƙofar ciki ba sa kallon juna. An goce da ɗaya daga saitin ɗayar, wani lokaci a ƙara shigifa da ɗan fili a tsakani, ta yadda mai tsayuwa a titi ba ya hango komai sai bango. Ba kuskuren magini ba ne. Aya ta 27 a Suratun Nur ta hana shiga gidan wani sai da neman izini da sallama, kuma hadisin Sahlu ɗan Sa'adu da Buhari da Muslim suka ruwaito ya bayyana cewa saboda ido aka shar'anta neman izinin. Ke nan wanda idonsa ya riga ya shiga, sallamarsa ta zo a makare. To haske yana tafiya ne a miƙe, shi ya sa gocewar ƙofa take aiki. Madubi kuma sana'arsa karya wannan miƙewar. Tun a ƙarni na 11 Ibnul Haisam ya yi bayani a littafinsa na ilimin gani, wanda ya rubuta a Alƙahira, cewa haske yana barin fuskar madubi da irin karkatar da ya faɗo mata. Ma'anar wannan a zaure ita ce, babban madubi da aka rataya a bangon da ke fuskantar ƙofar ciki, ko a bangon gefe, zai iya ɗauko tsakar gida ya ajiye ta a gaban baƙon da ya juya wa ƙofar baya don ladabi. Ya sunkuyar da kai daga inda ya san haram ne, sai ya ɗaga ido ya tarar da abin a gabansa. Inda magini ya sa bango, mai ƙawata gida ya huda taga, kuma taga ce mai aiki ta fuska biyu, domin duk wanda ka hango idonsa a madubi shi ma yana hango naka. Ga kuma salla. A zaure ake yawan yin nafila, wani lokaci har jam'i idan ana ruwa, alƙiblar Jibiya kuwa gabas ce da ɗan karkata arewa. Madubi a bangon gabas yana nufin mutum ya yi kabbara yana kallon kansa, abin da mafi yawan masallata ba za su so ba.

Ba wai gidan Bahaushe bai san madubi ba. Ya san shi sarai, ya kuma ba shi muhalli: ɗakin mace, cikin kayan ɗakin da iyaye ke yi wa amarya, kusa da gado da jere, inda ake kwalliya a gama kafin a fito. Abin da ke sabo shi ne fito da shi bakin ƙofa.

Akwai suka mai nauyi da ya kamata a saurara. Wani zai ce duk wannan kare zaure da ake yi, kare kulle ne a fakaice, cewa gocewar ƙofa da rubutun "ba a shiga" kayan aikin tsare mata ne, kuma gidan zamani da ke buɗe ya fi adalci. Ba za a musa cewa an yi amfani da zaure a matsayin wurin gadi ba, inda mai gida ke zaune yana ƙirga mai fita da mai shiga. Amma tambayar ko mace za ta fita daban take da tambayar ko baƙo zai leƙo. Malamar asibiti da ke tuƙa motarta zuwa aiki kullum, ita ma idan ta dawo tana son ta cire hijabi ta ɗaura zane a tsakar gidanta ba tare da tunanin wa ke zaure ba. Tsakar gida wurin aiki ne: girki, wanki, daka, shanya, wankan yara, da sana'a. Binciken da Polly Hill ta yi a Batagarawa, kusa da birnin Katsina, wanda ya fito a littafi a 1972, ya nuna yawan cinikin hatsi da abinci da mata ke yi daga cikin gidajensu, yara na kai da kawowa. Waɗannan mata su ne suka fi kowa asara idan ido ya sami hanya. Idan aka karya layin da ke kare tsakar gida, mace ba ta ƙaru da titi ba, ta dai rasa tsakar gidan, ta koma uwar ɗaka.

Sauran sukar sun fi sauƙi, kuma akwai gaskiya a cikinsu. Tsoho mai ciwon gwiwa ba ya iya zaman ƙasa, baƙon da ya sha hanya daga Maraɗi ko Gusau yana son abin jingina, zaure kuma sau da yawa duhu gare shi. Duk a yarda. Benci siriri jikin bango, wanda zurfinsa bai wuce kamu ɗaya ba, dakali ne aka yi da katako. Kujerar roba, wadda masu ƙawata gida ke raina wa, ita ce a ganina magajiyar tabarma ta gaskiya, domin ana jera ashirin a kan juna a kusurwa, a baza su ranar suna, yaro ɗan shekara bakwai ya kwashe su da yamma. Duhu kuma farar ƙasa ko farin fenti ya fi madubi maganinsa, don farin bango yana watsa haske ba tare da ya ɗauko hoton kowa ba. Wanda ya dage sai ya ga zaman hularsa kafin ya fita, ƙaramin madubi ya ishe shi. Ko mai son ganin jikinsa duka, madubi mai rabin tsawonsa yake buƙata, ba fiye ba, haka lissafin haske ya nuna. Wurin da ya fi aminci shi ne jikin bangon da ƙofar ciki take, domin madubi ba ya nuna abin da ke bayansa. Gwajin ma ba ya buƙatar tef: a buɗe ƙofar ciki, a ɗage labule, mutum ya tsaya a bakin ƙofar waje, sannan ya zauna a duk inda baƙo zai iya zama, ya duba. Game da masu cewa manyan kujeru girmama baƙo ne, karin magana ya riga ya yanke hukunci cewa shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma, balle ta kushin.

Sai dai in za a faɗi gaskiya, a gari irin Jibiya ba madubi ne babban mai cin zaure ba. Babur ne, da buhunan hatsi, da jarkoki, da injin janareto, domin abin da aka bari a waje da dare ba lallai a same shi da safe ba. Rashin tsaro ya sa ƙofar ƙarfe da sakata sun maye gurbin ƙofar da a da take wuni a buɗe. Rabon gado yana tsaga gida ɗaya gida huɗu, kowane yanki na neman ƙofarsa, kuma a garin kasuwa duk ɗakin da ke kallon titi shago ne da ba a buɗe ba tukuna. Layin dogo na Kano zuwa Maraɗi, mai tsawon kilomita 284, wanda aka ƙaddamar da aikinsa a watan Fabrairun 2021 kuma zai ratsa ta Jibiya, ba zai rage wannan kwaɗayin ba. Ba na zargin magidancin da ya mayar da zaurensa shago don ya ciyar da iyali. Amma wannan garin ne kuma ya karɓi mutanen ƙauyen Shimfiɗa a watan Maris na 2022, lokacin da suka baro gidajensu da ƙafa saboda 'yan bindiga. A wurin da dangi za su iya sallama da tsakar dare da yara a goye, tambayar mutum nawa za su iya miƙe ƙafa a ɗakin gaba ba tambayar ado ba ce. Kushin mai cin mutum uku mutum ɗaya yake kwantarwa, kuma ba ya naɗuwa.

Sababbin gidajen bulo da ake yi a bayan gari, masu get da wurin ajiye mota, yawancinsu ba su da zaure sam. Falo ne ya gaji aikinsa, amma falon yana cikin gida, sau da yawa hanyar kicin da ɗakunan kwana duk ta cikinsa suka bi. Sakamakon sananne ne: in abokan mai gida suka zo, matar gida ta shige ɗaki har su tafi, ko kuma a tare su a tsaye a bakin get, a yi hirar a jikin mota. Wasu masu gini sun fara gyara wannan da ƙaramin falon baƙi mai ƙofarsa ta waje da banɗakinsa, wanda zaure ne a sabuwar riga ko da ba a kira shi haka ba. Wanda zai yi irinsa, tun a kan takardar zane ya kamata ya nuna wa mai zanen inda ƙofa ta biyu za ta goce daga ta farko, tun kafin a zo maganar kafinta da mai yankan gilashi, domin ƙofar da aka riga aka kafa a saiti ba abin da zai gyara ta sai labule mai kauri ko a fasa bango.